Dashen Bazara da Ruwan Alwala: Nazarin Lambun Wata Makaranta a Madina Zongo

A tsakiyar Fabrairun 2024 kwamitin wata ƙaramar makarantar Islamiyya da ke Madina Zongo, a birnin Akra, ya sayi dashe 40 ya jera su a gindin katanga. Kafin a ga watan azumi, 24 daga ciki sun bushe ƙamas. Dukkansu kuwa da sunan masu jure fari aka saye su: bogambiliya 10, lalle 12, alobera 6, kariya 4, sai reshen zogale 8. Ni ne magatakardan kwamitin. Ni na rubuta kuɗin a littafi, kuma da hannuna aka tuge waɗanda suka mutu, saboda haka abin da zan faɗa a nan daga littafin nan ya fito da kuma abin da idona ya gani cikin wata 13.

Filin ba wani babba ba ne. Wani zirin ƙasa ne mai tsawon mita 12 da faɗin mita ɗaya da rabi, tsakanin katangar gabas da barandar azuzuwa, wanda magina suka bari ba su shafe da siminti ba saboda kuɗi ya ƙare. Masallacin unguwa yana cikin harabar, wurin alwalarsa kuma yana can ƙarshen zirin daga kudu. Shekara da shekaru ba abin da ke wurin sai ledar ruwa da yara ke yarwa da wata tsohuwar taya. Alhajin da ke shugabantar kwamitin shi ya kawo maganar shuka, yana so baƙin da za su zo tafsiri su tarar da kore, kuma ranar Sallah a yi hoto a gaban furanni. Na ce a jira Afrilu ko Mayu. Ya ce ai shi ya sa za a sayi waɗanda ba sa son ruwa. Aka kaɗa hannu, na sha kaye.

Akra ba Kumasi ba ce

Wanda bai zauna a nan ba yakan ɗauka duk kudancin Gana daji ne mai laima. Akra ta fita daban. Ruwan da take samu a shekara yana kaiwa milimita 800 ko ƙasa da haka, alhali Kumasi tana samun wajen 1,400, Axim da ke can yamma a bakin teku kuma ta haura 2,000. Abin da ke ba mutanenmu mamaki in na faɗa musu shi ne, hatta Tamale da muke kira arewa ta fi Akra samun ruwa a shekara. Dalilin kuwa, gaɓar tekun nan ta miƙe ne kusan daidai da hanyar iskar damina da ke busowa daga kudu maso yamma, sai iskar ta bi gefen gaɓar ta wuce maimakon ta hau tudu ta zubar da ruwa. Daga Yuli zuwa Satumba kuma ruwan sanyi yana tasowa daga ƙarƙashin teku ya hana hadari haɗuwa. Shi ya sa in ka bar gari ka nufi Tema ko Dodowa, ciyawa za ka gani da dogon yaro jefi-jefi, kamar kana wani gefen Katsina. Dogon yaron ma baƙo ne daga Indiya, tun zamanin Turawa ya shigo, ya samu filin da ya dace da shi ya bazu.

Damina biyu muke yi. Babba daga Afrilu zuwa tsakiyar Yuli, ƙarfinta a Yuni, ƙarama kuma wajen Satumba zuwa Nuwamba. Fabrairu da Maris su ne bazararmu. Ma'aunin zafi ba ya kai na Kano ko Sakkwato, yawanci 32 zuwa 33 ne da rana, amma akwai gumi, kuma dare ba ya hucewa. Fabrairun 2024 kuwa ya zo da nasa. Duk wanda ya kalli gasar kofin Afirka da aka yi a Kwaddibuwa a lokacin zai tuna yadda ake tsayar da wasa 'yan ƙwallo su sha ruwa. A cikin wannan zafin muka yi dashe.

Ba banza gwamnati ta sa ranar dashen itatuwa ta ƙasa a watan Yuni ba. Wadda aka fara yi a 2021, da burin dasa miliyan 5, ranar 11 ga Yuni aka yi ta, a tsakiyar ruwa. Na kawo wannan hujjar a taron kwamiti. Ba ta yi aiki ba.

Sai batun ruwan kansa. Ruwan famfon Akra daga Weija yake zuwa, kan kogin Densu, da kuma Kpong, kan kogin Volta. A layinmu ba kullum yake zuwa ba, kuma in ya zo a tanki ake tara shi don sha da alwala. Kowane gida yana da jarkokin nan masu ruwan ɗorawa da mutanen Akra ke kira galan Kufuor, masu cin lita 20 ko 25. Makarantar tana da rijiya a bayan banɗaki, sai dai ruwanta yana da ɗan gishiri-gishiri, kamar yadda rijiyoyi da burtsatse da yawa suke a filin Akra. Da shi ake wanke ƙasa. Da shi kuma muka ce yara su riƙa ba shuka.

Abin da muka gani da muka tona

Ladanin masallacin dattijo ne, daga wani ƙauye kusa da iyakar Burkina Faso ya taso, ya yi noma har ya girma kafin ya gangaro kudu. Ranar da muke dashe yana zaune a inuwa yana jan carbi, bai ce uffan ba, mu ma ba mu tambaye shi ba. Sai da abin ya lalace, wata safiya bayan asuba, ya kira ni.

"Malam, zo ka ga."

Ya kama wani busasshen lalle ya ɗaga da yatsa biyu. Ya fito sumul, ba ko turjiya, da ƙasarsa dunƙule a siffar ledar da aka raino shi a ciki. Saiwoyin sun nannaɗe kansu kamar zare a kwarkwaro, ko ɗaya bai leƙa waje ba. Ya murƙushe dunƙulen a tafinsa, ƙura ta tashi. Sannan ya cusa ɗan yatsa a ramin, a wurin da yara suka zuba ruwa jiya da rana. Gaɓa ɗaya ce ta jiƙe. Ƙasa da nan kamar toka.

"Wannan ai bai san ya bar leda ba," in ji shi. "Kun ce ba ya son ruwa. Uwarsa da ke daji ce ba ta so, don ƙafarta ta kai ƙasa. Shi wannan jariri ne."

A nan duk kuskuren yake, sauran rassa ne. Lalle ko zogale ko bogambiliya suna jure rani ne saboda saiwarsu ta yi nisa, tana shan laimar da rana ba ta iya kaiwa gare ta. Wanda aka ciro daga leda jiya, duk duniyarsa dunƙulen ƙasa ne da bai fi dunƙulen hannu ba, kuma a zafin Fabrairu wannan yana bushewa cikin yini. Ƙari a kan haka, masu sayar da furanni a gefen titin Legon a ƙarƙashin itatuwa suke ajiye kayansu, suna ba su ruwa safe da yamma. Mu kuma muka ɗauko su daga wannan gata muka dasa da tsakar rana a gindin katangar bulo da ke fuskantar yamma. Daga azahar har kusan magariba rana tana dukan katangar, ita kuma tana mayar wa shukar, bayan magariba ma in ka dafa ta da ɗumi za ka ji ta.

Da muka ci gaba da tono sai muka ga ƙasar ma ba ƙasa ba ce. Guntun bulo ne da busasshen siminti da yashin gini, har da wani tsohon takalmi. Wani mai kaji ya ba mu kashin kaji kyauta, muka zuba ɗanye a ramuka muna murna, ashe ƙona saiwa yake yi in bai ruɓe ba. A bakin kowane rami kuma ga wani fari-fari ya kwanta: gishirin rijiya. Yayyafi kaɗan-kaɗan da rana tsaka shi ya fi tara shi, don ruwan ya ƙafe ya bar gishirin a sama daidai inda saiwar take.

Waɗanda suka tsira su 16 ne. Alobera duka shida, sai dai sun koma ja-ja kamar an gasa su. Kariya duka huɗu, sun zubar da ganye sun tsaya tsirara. Waɗannan biyun suna ɗauke da guzurinsu a jiki, alobera a ganye, kariya a kumburarren gindinta. Sauran: lalle uku, bogambiliya biyu, zogale ɗaya. Rassan zogalen da suka mutu gara ta riga ta shige su.

Zagaye na biyu

Na sake cewa a jira ruwa, saura mako huɗu ko biyar. Alhaji ya ce kunyar filin da aka gani da matattun itatuwa ta fi ƙarfinsa. Aka sasanta a kan cewa za a sake, amma kaɗan, kuma Baba Ladan ne zai ja ragama. Har yau ina ganin jiran ya fi, domin duk wahalar da zan bayyana yanzu hadarin Mayu zai yi ta kyauta. Amma tun da an ƙi jira, abin da ya biyo baya ya koya mana abin da jiran ba zai koya mana ba.

Sharaɗinsa na farko: kada a sake ɗigon ruwan rijiya. Na tambaye shi, to da wane ruwa? Ya nuna kwatar wurin alwala da haɓa.

Ban taɓa tsayawa na lura da ita ba. Sau biyar a rana mutane suna tsugunawa a kan dakalin nan, ruwan famfo mai daɗi wanda muka saya da kuɗi yana bi ta wani ɗan bututu ya faɗa kwalbati. Mai gyaran famfo na layinmu ya karkatar da bututun zuwa wani rabin duro da muka binne, muka ɗaura guntun tsohon gidan sauro a bakinsa ya zama rariya, muka yi masa murfi. Kwana uku muna aunawa da galan Kufuor. A ranakun da ba azumi ana samun galan biyu zuwa uku. Da azumi ya kama a mako na biyu na Maris, ga tafsiri ga tarawihi, ya kai biyar, wata rana shida.

Wani daga cikin malamai ya ɗaga gira: ruwan da aka kurkure baki aka face hanci aka wanke ƙafa? Liman ya ce ruwan alwala ba najasa ba ne, kuma ba alwala za a sake yi da shi ba, itace za a ba. Muka dai sa wa kanmu ƙa'ida. Ba ya haɗuwa da na banɗaki ko kaɗan. A gindi ake zuba shi, ba a kan ganye ba. Ba ya kwana biyu a duro, saboda wari da kuma sauro, wanda ƙwansa ke zama babba cikin mako ɗaya zuwa kwana goma. Ruwan wanki mai omo kuma bai shiga lissafi ba, don shi ma gishiri gare shi irin nasa, yana kashe ƙasa a hankali.

Lissafin da ya sa aka rage yawan dashe mai sauƙi ne. A irin wannan zafi, fili mai cike da ganye yana asarar ruwa kusan lita 5 a kowane murabba'in mita a rana. Namu murabba'i 18 ne, wato lita 90 kullum in za a mai da shi fadamar ganye. Hajiyar da ke sayar da koko da ƙosai a ƙofar makaranta ta so a shuka mata ayoyo da alayyafo, aka ba ta haƙuri sai damina. Abin da aka ƙara a kan 16 ɗin nan guda 14 ne kacal: lalle 6, bogambiliya 3, shuwaka 2, da ramin zogale 3.

Yadda Baba Ladan ya yi ramukan shi ya fi ɗaukar hankalina. Kowane rami zurfin gwiwa, faɗin kamu biyu, aka tsince ɓaraguzai aka fitar. Ya sa aka cika su da ruwa tun daren jiya. A ƙasan ramin ya jera ɓawon kwakwa mai zare-zare, wanda masu sayar da kwakwa a tashar Madina ke neman wanda zai kwashe musu, ya kifa su don kada su tara ruwa, bayan an jiƙa su kwana biyu an zubar da ruwan farko. A kai ya mayar da ƙasa gauraye da tsohon kashin tumaki, wanda ya shekara ya yi baƙi ya daina wari. Bai cika ramin ya shafe ba, ya bar shi da ɗan zurfi kamar kwano, ya tara ragowar ƙasar a gefe. Ya ce haka suke yi a gida a ƙasar da ta ƙeƙashe. Shi ne abin da Mosawan Burkina Faso ke kira "zai", dabarar da wani manomi na yankin Yatenga a can, Yacouba Sawadogo, ya farfaɗo da ita har aka ba shi lambar yabo ta duniya a 2018. Baba Ladan bai san da lambar ba. Ya ce shi dai a wurin kakansa ya gani.

Sababbin dashen bai yarda a dasa su ranar da aka kawo ba. Mako guda suka yi a gefen baranda, kullum ana ɗan matsar da su wajen rana. Ranar dashe sai bayan la'asar. Ya yanke ledar da reza, ya sa yatsa ya warware saiwoyin da suka nannaɗe, wanda ya ƙi warwaruwa ya tsaga shi ta gefe. Sai ya ɗauki almakashi ya rage kusan rabin ganyen kowane dashe. Alhaji yana tsaye, ransa ya ɓaci.

"Baba, ganyen nan fa shi muka saya."

"Alhaji, ta ganye ruwa ke fita. Baki goma, cokali ɗaya, wa zai ƙoshi?"

A gefen kowane dashe aka binne gorar roba mai cin lita ɗaya da rabi, an huda ƙasanta da allura mai zafi, bakinta a waje. Aka lulluɓe gindin da busasshen ganyen dogon yaro mai kaurin tafin hannu, amma an bar tazarar yatsa uku tsakaninsa da jikin shukar saboda gara. Ta yamma aka kakkafa ganyen kwakwa ya tare ranar la'asar, kwana goma aka cire. Katangar kuma aka shafa mata farar ƙasa.

Zogale bai yarda da reshe ba wannan karon. Iri ya shuka, uku-uku a rami, suka fito cikin kwana tara, ya bar mai ƙarfi ɗaya. Hujjarsa ita ce wanda ya fito daga iri yana sakin doguwar saiwa ɗaya ta nutse kai tsaye, na reshe kuwa saiwarsa a sama take bazuwa. Na reshe ya fi saurin ba da ganye, amma mu ba sauri muke nema ba yanzu, sauri ya riga ya haifi nawa.

Ban ruwa kuwa, aka karɓe shi daga hannun yara masu buta aka ba manyan ɗalibai biyu. Makon farko kullum bayan asuba, lita 5 kowane rami, a zuba a hankali har ya nutse. Mako na biyu da na uku, bayan kwana biyu. Daga nan bayan kwana uku. Alobera da kariya sau ɗaya a mako, shi ma kaɗan. Manufar a jiƙa ƙasa sosai sannan a bar samanta ya bushe, saiwa ta bi laima ta gangara. Akwai ranar da ɗaya daga cikin yaran ya ga shuwaka ta langaɓe da azahar ya rugo da guga. Baba ya tare shi ya ce a duba ta da asuba. Da asuba ta miƙe garau. Wadda ta kwana a langaɓe ita ce mai ƙishirwa.

Wani abin dariya ya faru a goman tsakiya. Liman ya yi wa'azi a kan almubazzaranci, ya kawo cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da mudu ɗaya yake alwala, abin da bai kai lita guda ba, mu kuwa mutum sai ya ƙarar da buta biyu. Wa'azin ya shiga. Ruwan duro ya sauko daga galan biyar zuwa uku. Ashe lambun namu da ɓarnar masallata yake rayuwa. Ba wanda zai je ya ce wa liman ya sassauta, sai muka nemi ciko. Hajiya ta riƙa tara mana ruwan wankin gero da na shinkafa. Mai shagon magani da ke jikin katangarmu yana da na'urar sanyaya ɗaki, bututunta yana ɗiga dare da rana a bayan shago, muka tara bokiti. A gumin Akra ba ƙaramin ruwa take fitarwa ba, kuma babu gishiri a cikinsa.

Ranar Sallah ba a samu furen hoto ba. An dai samu abu 29 a raye cikin 30, lalle ɗaya ne ya tafi. Alhaji ya yi hotonsa a gaban sababbin tofon lalle, jajaye ƙanana kamar kunnen ɓera.

Yuni

Da mun tsaya a nan da sai a ce an yi nasara. Amma akwai abin da muka gani muka kau da kai. Daren da aka cika ramuka da ruwa, na ɓangaren arewa sun tsotse kafin asuba, na kudu guda biyar kuwa da safe ruwan yana nan kwance rabi. Akwai yumɓu mai tauri a ƙarƙashi. A wannan ɓangaren alobera da kariya suke, kuma su ma an yi musu kwano a gindi kamar kowa.

Ruwan Akra ba shi da yawa a lissafin shekara, amma in ya tashi zuwa a 'yan kwanaki yake juye shi. Duk wanda ya ga ambaliyar daren 3 ga Yunin 2015 a Circle, babban shataletalen tsakiyar Akra, ya san haka. A Yunin 2024 kwanukan da suka ceci shukar a Maris suka zama tafkuna, ga rufin baranda yana zubo nasa a kai. Wata safiya na taɓa ganyen wata alobera, sai ya zame a hannuna, gindin ya yi baƙi ya yi laushi kamar ruɓaɓɓiyar albasa, da wari. Huɗu cikin shida suka tafi a mako ɗaya. Kariya biyu suka bi su, gindin da yake da tauri kamar gora ya koma kana dannawa yana lotsawa.

Irin waɗannan an gina su ne don riƙe ruwa. Alobera ma da rana rufe ƙofofin ganyenta take yi, sai dare ta buɗe ta shaƙi iska, don kada ta yi asarar laima. Shukar da ba ta iya zubar da ruwa da sauri, in saiwarta ta kwana uku a cikin taɓo, iska ta yanke mata, ruɓa ce ke biyo baya. Baba Ladan bai ɓoye ba, ya ce wannan nasa ne, a garinsu ƙasa ba ta riƙe ruwa haka kuma ba rufin kwano a kan gona. Ragowar muka tuge, muka bar su kwana uku a inuwa raunin ya bushe, muka mayar da su kan tudu a cikin tsofaffin tayoyi cike da yashi da tsakuwa, a ƙarƙashin inuwar rufi. Kariya kuma muka ɗauke ta daga inda ƙananan yara ke wasa, don ruwan jikinta guba ne. Wannan ma ya kamata a ce mun yi tunaninsa tun ranar saye. Sauran ramukan aka cike kwanukan, aka yanka 'yar hanya ruwa ya riƙa fita.

A tsakiyar watan ne kuma aka yi layya. Wani maƙwabci ya roƙi a ɗaure masa raguna biyu a harabar kwana uku. Ɗaya ya tsinke cikin dare. Zogalen da suka kai ƙirjina, da safe sanduna muka tarar. Na yi faɗa har na wuce gona da iri. Bayan mako uku kowane sanda ya fito da rassa huɗu ko biyar, suka yi cunkus a daidai inda hannu ke kaiwa, maimakon doguwar gora ɗaya da sai an sa ƙugiya. Tun daga nan da gangan muke sare su a tsayin mita ɗaya. Ban dai ba mai ragon haƙuri ba tukuna.

Hajiya ta samu rabonta a daminar: yakuwa da kuɓewa a tsakankanin lalle. Yakuwar ta ba da ganyen miya, zuwa ƙarshen shekara kuma aka tsinki zoɓon da aka yi soɓolo, wato ruwan zoɓo, ranar saukar karatu.

Bayan shekara

Jarrabawar gaskiya ita ce ranin da ya biyo baya. Daga Disamba 2024 muka rage ban ruwa zuwa sau ɗaya a mako, a Fabrairun 2025 kuma lalle da zogale da bogambiliya sai bayan kwana goma. Ba wanda ya mutu. Zogale ya rage ganye a hunturu ya mayar. Shuwaka ce kawai mai ƙorafi, ita muka bar wa galan ɗinta duk kwana uku. Bogambiliyar da ta ƙi fure duk damina, tana ta ganye da ƙaya, sai da aka ƙuntata mata ruwa sannan ta rufe katangar da ja, daidai azumin 2025 da ya faɗo a Maris. Katanga ɗaya, zafi kusan ɗaya, irin shuka ɗaya da wanda ya mutu bara cikin mako uku.

Don in gamsar da kaina na tona gefen ɗaya daga cikin zogalen iri. Saiwar fara ce, ta kumbura kamar rogo, kaurin damtsena, tana da wani yaji-yaji a hanci. Na bi ta har hannuna ya nutse zuwa gwiwar hannu ban ga ƙarshenta ba, na mayar da ƙasa. Tsohon na reshe, wanda ya tsira daga zagayen farko, iskar hadarin Afrilu ta riga ta kwantar da shi tun bara, sai da muka tokare shi da sanda.

A littafina yanzu abu 23 ne a raye cikin 54 da aka taɓa sakawa a ƙasar nan. Kuɗin zagayen farko ya fi na biyu sau uku, don na biyu yawancin kayansa tsintuwa ce da roƙo. Ruwan duro ya fi ƙarfin lambun yanzu, har ana wanke baranda da ragowar.

Akwai abin da bai warware ba. Ƙarshen zirin ta arewa, inda aka fi zuba ruwan rijiya da farko, har yanzu lallen wurin gajeru ne kuma bakin ganyensu yana ƙonewa, damina ɗaya ba ta wanke gishirin ba. Wani dogon yaro ya tsiro da kansa a jikin katanga, tsuntsu ko jemage ya yar da ƙwallon, ya kai tsayin mutum. Alhaji yana son inuwarsa, maginin da ya duba ya ce shekara biyar zai tsaga harsashin. An ɗage maganar sau biyu. Baba Ladan kuma yana maganar komawa gida bayan babbar Sallah, ɗaliban nan biyu da ya koya wa aikin ɗaya ya samu gurbin karatu a Kumasi.

Makwabtan makarantar sun fara zuwa neman iri. Baba ya yanka ledojin ruwa da yara ke yarwa, ya cika su da ƙasa, ya jera reshen lalle da shuwaka wajen 60 a inuwar duro. Wata mata ta zo makon jiya da kwandonta tana so ta ɗauka.

"Ki bari, 'yata," ya ce mata. "Ki je ki haƙa ramin, ki cika shi da ruwa, ki zo ki gaya mini ƙarfe nawa ya tsotse. In an yi ruwa biyu masu kyau ki dawo da kwandon."